Karl Marx da buhun albasa

Akwai wani dattijo a nan Marwa ta ƙasar Kamaru da ya yi karatu a Mosko tun zamanin Tarayyar Soviet, shi ne yake ba mu lacca kan kwaminisanci duk Asabar bayan la'asar, kuma wallahi mutumin bai raga wa Marx ko kaɗan, duk da cewa a hannun mabiyansa ya samu digiri.

Wannan satin batun daraja aka taɓo. Marx a littafinsa Das Kapital na 1867 cewa ya yi darajar kaya daga aikin da aka zuba take fitowa, ribar mai masana'anta kuwa gumin lebura ne da ba a biya ba. Malam ya ce to a duba albasa. Wahalar noman rani ai ɗaya ce, ban ruwa safe da yamma, amma buhun da ake roƙonka ka saya lokacin girbi, da damina ta yi nisa sai ka ji kuɗinsa ya ninka, ga manyan motoci na loda zuwa Duwala. Gumin manomi ne ya ƙaru a rumfar ajiya? Wani ɗalibin jami'a ya ɗaga hannu ya ce Malam a yi haƙuri, ai Marx ya raba daraja da farashi. Malam ya yi dariya ya ce yauwa ɗana, nan ɗin ne Böhm-Bawerk, masanin tattalin arziki ɗan Austriya, ya kama shi a 1896, in farashi ba ya bin aikin to me lissafin ya bayyana mana?

Abin da ya fi zauna mini shi ne hujjar da Mises, wani masanin tattalin arziki ɗan Austriya, ya kawo a 1920, wai in gwamnati ta mallaki komai babu farashin gaskiya, in ko babu shi babu yadda jami'i a ofis zai san ko taki ake buƙata ko siminti. Tsadar albasa ita ke gaya wa manomin yankinmu na Diamare ya ƙara fili baɗi, ba takarda ba. Benin ta rungumi Marksanci a 1974 ƙarƙashin shugabanta Kerekou, zuwa 1989 albashi ma ya gagara, suka ajiye shi.

Amma fa ni ban bi Malam har ƙarshe ba. Rushe lissafin Marx bai amsa tambayarsa ba, ɗan dakon da ke sauke buhunan nan tun asuba nawa yake komawa da shi gida, kuma wa ya yanke hakan? Sannan a ƙasar nan da tambarin kwaminisanci Faransa ta haramta jam'iyyar neman 'yanci ta UPC a 1955, aka kashe jagoranta Um Nyobe a daji a 1958, alhali 'yanci da haɗewar Kamaru yake nema. Na tambaya, Malam ya ce wannan siyasa ce ba tattalin arziki ba, sai wani makon. Na dai rubuta a littafina zan sake tayar da ita.