Abin da na fito da shi daga aikin tamowa

Ƙarshen watan nan zan bar ofis, kuma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya yi aikin tamowa tare da mu a ƙauyukan Katsina ya san ranar da muka sha muna auna damtsen yara, da daddare kuma mu tayar da janareta mu hau shigar da alƙaluma a kwamfuta. Mu huɗu muka haɗa rahoton aikin nan. Da lokacin gabatar da shi ga masu ba da tallafi a Abuja ya zo, sai wani abokin aikinmu ya ce a tura masa zai ɗan gyara rubutu. Ashe gyaran shi ne cire shafin sunaye. A zauren taro kuwa ba ka jin komai sai "na gano", "na lura", "binciken da na yi". Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Oga yana zaune, ya san gaskiyar magana, bai ce uffan ba. Wallahi shirunsa ya fi yi mini ciwo.

Sai wata baiwar Allah ta tambaya: me ya sa iyaye mata suke daina kawo yara asibiti da damina? Gogan naka ya hau laluben shafuka. Amsar ba ta cikin kwamfuta. Daga Yuni zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, kowa na gona, ruwa ya yanke hanya, kuɗin mashin ya ninka. Wanda ya taɓa zama a tabarma da matan nan ba zai yi inda-inda a kan wannan ba.

Da aka ba ni damar magana gaban hakimai da jami'an lafiya, ban cika allo da lissafi ba. Na ɗauko tef ɗin awon damtse, na naɗe shi daidai santimita 11.5, inda ja, alamar tamowa mai tsanani, yake farawa, na miƙa a zagaya da shi. Wani dattijo ya zura yatsunsa biyu suka kusa cike zoben, ya ɗago ya ce, "Yanzu hannun ɗan mutum ne wannan?" Bayan watanni ya aiko a tambaye mu ranar awo a gundumarsa.

Ga ƙannena da za su ci gaba: ku sa sunayenku a ƙasan kowane shafi, in za ku tura aiki ku saka oga a imel ɗin. Ku iya jawabinku ko an ɗauke wuta. A raba wa kowa ɓangaren da zai gabatar tun kafin a hau mota.

Wanda ya cire sunayenmu kam an ƙara masa girma, na yi masa barka kamar kowa. Amma rahoton na asali mai ɗauke da sunayenmu na tura wa sauran da muka haɗa shi tare su adana, don ranar da za su nemi wani aiki sai an tambaye su abin da suka taɓa yi.