Kuran ya yanke muna tsakiyar baiti na uku

Gwaggona ce ta ja ni. Ƴar wajen Galmi ce, can jihar Tawa, inda mishan suka buɗe asibiti a 1950, kuma daga bakinsu iyayenta suka ɗauko waƙoƙin da har yau take rerawa in tana tankaɗe. Da ta ji za a yi taron waƙoƙi a wata majami'a da ke Bukoki, nan Yamai, sai ta ce ni zan kai ta. Watan Afrilu ne, zafi ya haura 40, ga rufin kwano. Na manta ban riƙo ruwa ba, na kuma zaɓa mana benci daf da lasifika don in ɗauki sauti a waya. Duka biyun na yi da-na-sani.

Ƙungiyoyin mawaƙa sun yi nasu da Zabarmanci, da Gurmanci, da Faransanci. Amma yawancin lokacin na jama'a ne: a kira lambar waƙa, mai ogan, wato abin kiɗan majami'a mai madannai, ya kaɗa layin farko shi kaɗai, kowa ya miƙe. Ni dai ina riƙe da waya sama kamar ɗan jarida. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Aje wayag ga, ɗana. Waƙa munka zo yi, ba kallo ba."

Da na fara yi da bakina na gane ban iya ba. Muryata ba laifi, gaggawa ce da ni. Ina riga mutane shiga baiti, numfashi ya ƙare mini kafin ƙarshen layi. Wani dattijo a gefena ya nuna mini mai ogan da haɓa. Ashe duk ƙarshen layi yakan ɗan ɗaga yatsunsa, sauti ya ɗauke kamar ƙiftawar ido, nan ne kowa ke jan iska. Wannan layin farko da na ɗauka ado ne, shi ke gaya wa mutum ɗari inda za su ɗora murya da irin tafiyar da za a yi.

Wani abu kuma ya daɗe yana damuna a tsofaffin waƙoƙin nan, sai ranar na kama bakin zarensa. Karinsu daga Ingila da Amurka ya zo, aka zuba masa kalmomin Hausa. Hausa kuwa tana da hawa da saukarta; kowa ya san bambancin "kuka" na ido da "kuka" ta miya. Sai ka ji kari ya hau inda kalma ke son sauka, ya ja gaɓar da ba ta da tsawo. Waɗanda matan zumunta suka ƙaga da kansu, ɗaya na bayarwa saura na amshi, da tulu da caki, ba su da wannan tuntuɓe. Duk da haka ban ga waƙar da ta sa Gwaggo share ido ba sai tsoffin.

Muna baiti na uku na ɗaya daga cikinsu kuran, wato wutar lantarki, ya yanke. Ogan ya mutu, fanka ta tsaya. Na zaci za a watse. Babu wanda ya ko waiga. Maza suka riƙe ƙasa, mata suka bi sama, aka kai har baiti na biyar, da yawa ba littafi a hannu. Dattijon ya ce tun da aka ƙone majami'u a tarzomar Janairun 2015 littattafansu suka ragu, mutane suka koma ga abin da ke ka.

A taksi Gwaggo ta ce ogan na ƙuruciyarta ba ruwansa da kuran, da ƙafa ake taka shi, iska ta shiga kamar zugazugin maƙeri. Na tambaye ta ko na yi ƙoƙari.

"Ka yi. Amma har yanzu kana riga mutane."