Wuni guda a lungun San Gregorio Armeno

Jiya na wuni a wani ɗan lungu a birnin Napoli na ƙasar Italiya, har yanzu hankalina yana can. Hagu da dama shagunan masu yin presepe ne, wato ƙananan siffofin da ke nuna haihuwar Yesu a Baitalami. Jama'a kuwa ba masaka tsinke.

Na daɗe tsaye gaban wani dattijo yana aiki. Kan siffar gasasshen yumɓu ne, idanun na gilashi, jikin kuma waya ce aka naɗe da zare don hannu ya lanƙwasu yadda ake so, sannan a ɗinka mata 'yar riga. Ko ɗago kai bai yi ba.

Abin da ya fi taɓa ni, ba Maryamu da Yusufu kaɗai suke sakawa ba. Ga mai kifi, ga mahauci, ga mace tana wanki, ga Benino, makiyayin da ya share barci. Unguwarsu sukutum suka ɗauko suka jera kewaye da komin dabbobi. Siffofin 'yan ƙwallo da 'yan siyasa da ake tallatawa a gefe kam ba su kwanta mini ba.

Tun 1223 Waliyyi Faransis na Asisi ya shirya irin wannan nunin haihuwar Yesu a ƙauyen Gireciyo, da sa da jaki na gaske.

A gidaje da majami'u da yawa komin yana zama wayam, sai daren 24 ga Disamba ake kwantar da jaririn. Na saya wa Mama makiyayi ɗaya, da ɗan rago a kafaɗarsa.