Mako na tara da Python: littafin adashin Inna

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. A wannan makon na kammala ɗan shirin kwamfuta da nake ta fama da rubuta shi da yaren Python tun girbin gero, wanda zai riƙe wa Inna lissafin adashi. Mata 14 ne, kowacce na zuba naira 2,000 duk Alhamis da yamma, in maza sun dawo daga kasuwar Maigatari. Kwasa ɗaya 28,000 ke nan. Da a littafi ƙanena ke rubuta mata, sai ruwan damina ya jiƙa shi, aka yi kwanaki ana ja-in-ja kan wadda ta kwasa a watan Yuli. Abin ya dame ni ƙwarai, domin amanar Inna ce ake taɓawa.

Ba ni da kwamfuta. A waya nake rubutawa cikin manhajar Pydroid 3, in na maƙale in tambayi ChatGPT, wani lokaci da Hausa, yana kuwa ganewa.

Inda na fi shan wuya shi ne jera sunaye. Na sa sorted(), umarnin Python na jera abubuwa bi da bi, sai ga Ɗayyaba can ƙasa bayan Zainab. Na ɗauka ni na yi kure. Ashe kwamfuta lamba take gani a madadin harafi: D lambarta 68, Z 90, Ɗ kuwa 394 a tsarin Unicode mai ba kowane harafi lambarsa, don haka dole ta koma ƙarshe. Da na nuna wa ChatGPT, shawararsa ta farko ita ce in cire ƙugiyar baki ɗaya. Na ƙi. Sunan baiwar Allah Ɗayyaba, ba zan sauya mata shi don shiri ya ji daɗi ba. Na sake yi masa bayani cewa a jerin haruffanmu Ɗ na bin D ne, sannan ya kawo dabara: wajen jerawa kawai a ɗauki Ɗ a matsayin D~, wato D sannan alamar ~ ta biyo ta, a allo kuma sunan ya fito yadda yake. Na yi wa Ƙ da Ɓ haka, komai ya zauna. Sai dai fa kafin in yarda, sai da na jera sunayen da biro a takarda na gwada.

A harkar gida ma ChatGPT ya taimaka. Batirin solarmu 12V ne, 100Ah, kuma irin mai ruwa ne, wanda ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Muka lissafa tare: fanka mai wat 15 da ƙwai uku masu wat 5 za su kai awa 20. Yanzu na gane cajin wayoyin maƙwabta da rana ne ke ƙarar mana da wuta kafin asuba.

Mako mai zuwa ina so shirin ya riƙa adana lissafin a fayil, domin yanzu ina rufe shi komai ke gogewa. Wanda ya taɓa aiki da csv (irin fayil ɗin da ake adana lissafi layi-layi) a waya, don Allah ya nuna mini inda fayil ɗin ke sauka.