Wasiƙa daga Ingila: Hatimi da tawada sun cinye mini hunturu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya. Kwana biyu kun ji ni shiru, ba wani abu ba ne illa wata 'yar sana'ar hannu da ta shiga raina. A nan idan Disamba ta kama, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, mutum ya dawo gida ya rasa yadda zai yi da dogon dare. Ana cikin haka wata dattijuwa maƙwabciyata ta turo mini katin gaisuwa ta ƙarƙashin ƙofa. Da gani ba na kanti ba ne. Ganye uku ne a jere, na farko kore shar, na biyu ya ɗan dusashe, na uku kamar inuwa. Washegari na ƙwanƙwasa mata ƙofa na ce sai ta faɗa mini sirrin. Ta yi dariya ta ce hatimi ɗaya ne, sau ɗaya ta shafa masa tawada, ta buga sau uku ba ta ƙara ba.

Daga ranar na zama ɗalibarta. A bakinta na fara jin cewa katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa a Landan aka yi shi, a 1843. Wani ma'aikacin gwamnati mai suna Henry Cole ne ya sa John Callcott Horsley ya zana masa, aka buga guda 1,000, kuma da hannu aka bi su aka sa musu launi. Shi kuwa hatimi ya girmi kati nesa ba kusa ba. Sama da shekara 5,000 da suka wuce mutanen ƙasar da yau ake kira Iraƙi suna sassaƙa ƙaramin dutse su mirgina shi a kan ɗanyen yumɓu. Na roba sai bayan da Charles Goodyear na Amurka ya yi rajistar dabarar dafa roba da farar wuta a 1844, wadda ta hana ta yin danƙo a zafi ko sandarewa a sanyi.

Da na ɗauka gwanintar a hatimin take. Ashe tawada ce uwar aikin, kuma iri biyu ce wanda duk zai fara ya kamata ya bambance. Akwai mai ruwa-ruwa irin ta rini: takarda na shanye ta nan take, kafin ka ajiye hatimin ta bushe, launinta garau. Aibinta shi ne rana na koɗar da ita, kuma yawancinta da ruwa ya taɓa sai ta malale. Akwai kuma mai kauri, wadda garin launi ne aka niƙa lilis aka kwaɓa. Ita a saman takarda take zama, ba ta saurin koɗewa, fararta ma tana fitowa fes a kan baƙin kwali. Sai dai tana son haƙuri. Katina na farko da na yi da ita, ɗoki ya sa na ninke shi tun bai bushe ba, da na buɗe sai ga furen ya haifi ɗan uwansa a ɗaya shafin.

Wannan jinkirin bushewar kuwa shi ne amfaninta. Tun tawadar na da danshi sai a barbaɗa mata wata hoda ta musamman, a karkaɗe ragowar, a kara na'urar hura iska mai zafi. Kana kallo hodar za ta narke ta bi layin zanen, ta taso tana sheƙi, in ka shafa da yatsa ka ji tudunta. Har yau in na ga hoda mai ruwan zinare na bin zane haka sai na riƙe numfashi. Kada dai a ce za a yi dabara da na'urar busar da gashi, iskarta ta yi yawa zafinta bai kai ba, hodar kawai za ta watsar. A kuma kiyayi taɓa fuskar takardar, don hodar na maƙalewa a duk inda maiƙon yatsa ya sauka.

Hatiman sayarwa iri biyu na gani a akwatinta: jar roba da aka manna a jikin katako, da wata roba garai-garai da ake liƙawa a jikin ɗan allo mai kama da gilashi, kana hango inda za ka buga ta cikinsa. Duk na gwada, kuma suna da kyau. Amma da na so rubuta "Sannu da ƙoƙari", na zazzage haruffanta kaf ban ga ƙ mai lanƙwasa ba. Sai ta miƙo mini farar robar goge fensir, wato kilina, da 'yar wuƙar sassaƙa, ta ce in yi nawa.

Nan na sha kunya. Na zauna dare guda ina sassaƙa kalmar "Madalla" a jikin kilina kamar yadda ake rubuta ta a takarda. Da na buga sai ta fito a juye kamar a madubi, d ta koma b. Ashe abu ne mai sauƙi: ka yi rubutunka a takarda da fensir mai laushi, ka kife ta a kan kilinar, ka murza bayanta da farce. Rubutun zai hau a juye, sai ka bi ka cire duk abin da ba layi ba. Wuƙar kuma a karkace ake riƙe ta, yadda gindin harafin zai fi samansa faɗi, in ba haka ba bugu uku zai ɓalle. Ni dai a ganina hatimin da mutum ya sassaƙa da kansa, da 'yar karkatarsa da ɗigon da wuƙa ta manta, ya fi na kanti shiga rai, ko da yake malamata ba ta yarda da ni a nan ba.

Batun takarda ba shi da tsawo. A nemi kwali mai santsi, mai nauyin giram 250 zuwa 300 a murabba'in mita. Idan aka ninke kwali mai girman A5 (rabin takardar A4) biyu sai a sami kati mai milimita 105 da 148, wanda ke shiga ambulan mai girman da ake kira C6 daidai. Kafin ninkewa a ɗora rula a ja layi da bayan wuƙa, don kada kwalin ya tsage a gaɓar. Gara kuma a yi bugun a wata 'yar takarda daban a manna ta da gam, in an yi kuskure ita kaɗai aka yi asara.

Saura bugun kansa, wanda ya fi komai ba ni wahala. Ba a dulmiya hatimi cikin soson tawada. Kwantar da shi ake yi rigingine, a riƙa ɗan taɓa shi da soson har ko'ina ya samu. Sannan a ɗora a danna sak, a ƙirga biyar, a ɗaga sak. Hannu na son ya jijjiga shi hagu da dama wai don ya kama sosai, to wannan jijjigar ce ke sa zane ya fito da inuwa. Sau nawa dattijuwar nan ta dafe mini wuyan hannu tana cewa in bar shi ya zauna.

Yanzu haka kati goma sha biyu ne shimfiɗe a kan teburina suna shan iska, yatsuna kuwa shuɗi ya ƙi fita duk da sabulu. Ɗaya daga ciki tawada ta ɗiga masa a kusurwa, na yi masa fukafukai da alƙalami ya zama tsuntsu. Shi zan tura wa malamata ta ƙarƙashin ƙofa, sauran kuma gobe in Allah ya kai mu sai gidan waya.

Wassalam,
Taku a Ingila.