Injinan Gem na Yarintarmu: Waɗanda Na Ajiye da Waɗanda Na Haƙura da Su

Tun da na fara tara tsofaffin injinan gem, irin waɗanda ake jefa wa tsabar kuɗi a buga a tsaye, abokaina ba su da tambayar da ta wuce wanne ya kamata mutum ya fara nema, kuma yawancinsu da amsarsu a baki suke tambayar, wato Street Fighter II. Ni ma da shi na fara. Shi ya fi kowanne cin kuɗina, kuma shi ne har yau nake jin zafinsa a raina, alhali fanel ɗin da na saya, wato allon lantarkin da wasan yake ciki, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu a jikinsa.

A shagon da muke zuwa a unguwar Yelwa ta Garwa a Kamaru, a tsakiyar shekarun 1990, dala biyar muke jefawa bayan an tashi daga lakwal, kuma Street Fighter II ɗin da ke wurin yana da halayen da duk yaran unguwa suka haddace. Ryu, ɗaya daga cikin 'yan damben wasan, yana tsalle ya jefo wuta tun yana sama, ya ƙara jefo wata kafin ta farko ta wuce, har gilashin ya cika, wani lokacin ma wutar ta karkata ta bi abokin faɗa inda ya nufa. Idan ka ga an kusa gamawa da kai, sai ka danna maɓallin farawa ka rikiɗe ka koma wani ɗan wasan ana tsakiyar dambe. Mu a saninmu haka aka ƙera wasan, ba mu taɓa ganin wani irinsa ba balle mu gwada.

Da na girma na samu abin hannuna, sai na bi shawarar da manyan masu tara irin waɗannan kaya na Turai da Amurka suke bayarwa, cewa kada ka sayi komai sai na asali. Wani ɗan kasuwa a Duwala ya samo mini fanel ɗin Street Fighter II nau'in Champion Edition na kamfanin Capcom, fitowar 1992, mai hawa uku a jere da tambarin kamfanin a jikinsa. Aka ɗoro shi a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga nan mota ta ƙaraso da shi Garwa. Dattijon da ke yi mini gyara, wanda tun zamanin rediyo mai kaset yake wannan sana'a, ya zauna ya haɗa wayoyin, domin bakin haɗin da ake kira JAMMA, mai haƙora 56, maɓalli uku kawai ya tanadar wa kowane ɗan wasa, shi kuwa wannan wasa shida yake buƙata, saboda haka na ƙafa ukun sai an ja musu tasu wayar daban. Muka kunna, hoto ya fito tangaram, sauti ya tashi. Na kama sandar sarrafa wasan na yi tsalle na murɗa, wuta ba ta fita ba. Na danna maɓallin farawa, Ryu yana nan a Ryu ɗinsa. Wasan duka ya yi mini nauyi a hannu, har na ce, "Baba, ko wutar ce ba ta isa ba?" Ya ɗora mita ya auna, ya ga volt biyar daidai, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan fanel ba shi da laifi ko ɗaya. Haka masu shi suka yi shi."

Daga baya na bincika na gano cewa abin da muka taso muna bugawa jabu ne. Wasu masu kwaikwayo a Taiwan ne suka taɓa Champion Edition suka ƙara masa sauri da waɗannan dabaru, shi ne ake kira Rainbow Edition, kuma ya bazu sosai a duniya har Capcom ta fitar da Hyper Fighting a ƙarshen 1992, ta ƙara wa nata sauri don ta dawo da masu wasa. Mai shagonmu ya sayi mai arha ne, kamar yadda kowane mai ƙaramin jari zai yi. Ban musa ba, na asalin ya fi tsari da adalci, wanda ya iya shi ne yake ci. Amma ni ba adalci na fita nema da kuɗina ba, na fita neman abin da hannuna ya sani ne, kuma wannan abin ba ya cikin fanel mai tsadar da na saya. Shawarar "sai na asali" ta dace da wanda ya yi yarintarsa a Osaka ko Landan, bai zama dole ta dace da ɗan Garwa ko Marwa ko Kusiri ba.

Tun daga nan ban ƙara sayen komai ba sai na fara buga shi a kwamfuta. Manhajar MAME, wadda take nan tun 1997, tana kunna wasannin irin waɗannan injina a kwamfuta, tana kuma iya buɗe nau'o'in wasa ɗaya daban-daban, har da na jabu, saboda haka mutum zai iya tantance ainihin wanda ya sani kafin ya fitar da ko jaka ɗaya. Nakan kira yayana ko wani abokin yarinta mu zauna mu buga har ƙarshe, sannan in bari a kwana biyu in ga ko raina zai sake nema. Wannan gwajin ya kayar da wasanni da dama da na rantse zan mallaka. Mortal Kombat na 1992 ya burge mu ne a da saboda hotunan mutane na gaske da jinin da ke fantsama, amma yanzu da idona ya saba da hotuna, sai na ga 'yan wasan kusan duk motsinsu iri ɗaya ne. Double Dragon na 1987 kuwa, da zarar abokan gaba sun yi yawa a gilashi sai ya riƙa jan ƙafa, abin da ban lura da shi ba ina yaro. Da na yi wa Street Fighter II irin wannan gwaji, da kuɗina suna aljihuna.

Wanda ya ci gwajin ba tare da gardama ba shi ne Mustafa. Sunansa na gaskiya Cadillacs and Dinosaurs, Capcom ta fitar da shi a 1993, amma ban taɓa jin wani a unguwarmu ya kira shi da haka ba, domin kowa Mustapha Cairo yake rububin ɗauka, mai hula, mai gudu ya tashi sama da ƙafa. Mutum uku suna iya bugawa a lokaci ɗaya, kuma ba a taɓa fitar da shi a hukumance a kan na'urorin wasa na gida ba, wanda ya sa mallakar fanel ɗinsa take da ma'ana ta daban. Sai dai mai nemansa ya yi hattara da abu guda: na asalin yana da batiri da ke riƙe da mabuɗin sirrin da aka sa don hana kwaikwayo, kuma ranar da batirin ya mutu wasan ba zai ƙara aiki daidai ba. Haka ma duk wasannin Capcom na tsarin CPS-2 da suka fara fitowa a 1993. Masana sun gano hanyoyin farfaɗo da su, amma aiki ne da ba kowane mai gyara zai iya ba, don haka kafin na biya sai da na sa mai sayarwa ya nuna mini yana aiki, na kuma tambayi yaushe aka canja batirin. Ina alfahari da wannan cinikin, domin duk ranar da na kunna shi, ƙannena da 'ya'yansu ba sa barin wurin sai an kira sallar magariba.

Idan kuwa mutum abu ɗaya kawai zai iya saya, ni Neo Geo zan ce ya nema. Kamfanin SNK ya fito da shi a 1990 da dabarar da ta dace da mai ƙaramin ɗaki: fanel ɗaya ne, wasannin kuwa kaset-kaset ne da ake cirewa a sa wani, kuma akwai mai ramin kaset ɗaya, da mai biyu, da mai huɗu, da mai shida. A kansa nake buga Metal Slug na 1996, da The King of Fighters '98, da ƙwallon Super Sidekicks wanda muke kashe kuɗin karin kumallonmu a kansa. Kuɗin da na zuba a Street Fighter II shi kaɗai, da sun saya mini wannan fanel da kaset-kaset masu yawa tun da wuri. Shi ma yana da ɗan batiri da ke yoyo idan ya tsufa ya ci layukan tagulla, gara a cire shi tun ranar da ya iso.

Pac-Man na 1980 da Space Invaders na 1978 na haƙura da su, ko da yake su ne ake ɗauka a matsayin kambun wannan harka. Sun girmi tsarin JAMMA, sai an nema musu mahaɗi na musamman, sannan suna son gilashi a tsaye maimakon a kwance, ga shi kuma ba su ne yarintata ba. Irin waɗannan da mutum zai buga sau ɗaya a shekara, akwatin Pandora's Box na China mai ɗaruruwan wasanni ya wadatar. Rainbow Edition ɗin ma, wanda manyan masu tarawa ba sa ko kallonsa, har yanzu ina cigiyarsa wurin 'yan kasuwar Marwa da Injamena, kuma ba zan biya ba sai na kama sandar da hannuna.

Sauran wahalar ta ƙasarmu ce. Waɗannan fanel an yi su ne don tsohuwar talabijin mai doro, kuma a kanta ne hotonsu yake fita yadda ya kamata, amma cikinta akwai wuta mai dubban volt da ke iya zama ko bayan an kashe ta, saboda haka ba na sa hannu a ciki, aikin Baba ne, shi ke canja kwandansa ya like da dalma. Masu wannan sana'a suna ƙarewa, matasa duk sun koma gyaran waya. Kayan da aka yi don Japan wutar volt 100 suka sani, tamu kuwa 220 ce, kuma tana hawa tana sauka, don haka ban taɓa kunna injin ba tare da na'urar daidaita wuta ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, ba na kunnawa da rana ko kaɗan, kuma na sa ƙaramar fanka a cikin kowane akwati. Akwati biyu kawai nake da su, kafinta ya ƙera mini su a nan gida, ɗaya mai maɓalli shida don wasannin faɗa, ɗaya na Neo Geo. Ragowar fanel ɗin suna naɗe a leda cikin kwali a saman kabad, nesa da ƙurar hunturu, kuma duk wanda zan saka sai na goge haƙoransa da sifirit na bari ya bushe tukuna.