Shekara guda ban shiga layin mai ba

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare nake lissafin abin da tankin motata ke lashewa a wata. Da lita ta haura naira dubu a Kano, sai na sayar da ita, na yi ciko, na ɗauko wata 'yar ƙarama ta hannu mai aiki da batir. Maƙwabcina sai da ya zagaya ta sau biyu yana neman salansa.

Daren farko ta kunyata ni. Na jona cajarta a soket ɗin gareji, fitila ta yi ja, ta ƙi ɗauka. Na kwana ina cewa an cuce ni. Da safe mai gyaran wutarmu ya kwance soket ɗin, ya yi dariya, ya ce: "Alhaji, ai gidan nan ba a ja masa wayar ƙasa ba. Firij ba ruwansa, amma wannan ba ta yarda." Ya buga sandar tagulla a bayan katanga, ya ja waya, nan take fitila ta koma koriya.

Sai kuma na gane wannan ƙaramar cajar kilowat 2 da 'yan kai kawai take ja, batirin kuwa yunit 40 yake ɗauka. Ka ga ke nan kusan awa 20 kafin ya cika daga ƙasa. Dole na sa ta bango mai kilowat 7, da layinta daban tun daga mita, wadda ke gamawa cikin awa 6. A tsarin kuɗin wutar lantarki, unguwarmu tana rukunin Band A, wanda tun Afrilun 2024 yunit ɗinsa ya haura naira 200. Duk da haka kilomita 100 yunit 15 motar take ci mini, naira dubu uku da ɗoriya. Tsohuwar lita 9 take sha a wannan tafiya.

Amma fa wutar ce ta zama uwar ɗakina. Da an kawo, ko ƙarfe biyun dare ne, sai na tashi na jona. Maman yara har tsokanata take yi, wai an yi mata kishiya mai farkar da miji. Ranar da wutar ta zo ba ƙarfi, cajar sai ta yi ta yankewa. Na saba tsayar da caji a kashi 80, kuma ba na barin motar a rana a watan Afrilu, don zafi ne ke tsufar da batir.

A cikin gari ba ta da tsara. Cunkoson Kantin Kwari da ke ƙona wa mutane mai, ita in ta tsaya kusan ba ta cin komai sai abin da na'urar sanyi ta ja, kuma duk ɗaga ƙafa daga totur tana mayar wa batir da wuta. Ba baƙin mai, ba fulogi. Sai dai shirunta: awaki da yaran layinmu ba sa jin zuwanta, hon ya zama abokin tafiya.

Babban titi ne ya koya mini hankali. Na nufi Zariya biki, gudu 110, sanyi a kunne. Kafin Kwanar Dangora na ga allon motar yana zaftare kilomitan da suka rage wa batir fiye da yadda nake cinye hanya. Na sauko 80, na isa da abin da ba zai dawo da ni ba. Na kwana gidan yayana, ƙaramar caja a soket ɗin kicin, waya ta taga. Ranar da na koma ɗaurin aure Kaduna kuwa, a tashar Unguwa Uku na hau mota.